Na goge, na yi fomatin, amma hotunan sun dawo

Autar Baba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Akanta ne, ya shekara talatin da wani abu yana riƙe wa mutane lissafi, kuma shi mutum ne da ba ya yar da komai. Da muka buɗe ɗakinsa mun tarar da tsohuwar kwamfutar tebur, laftof ɗaya, had-dis na waje guda biyu, filash sun fi goma a cikin gwangwani, sai wayoyi biyu. A ciki akwai takardun bankin mutane, hotunan katin shaidarsu, wasiƙu, da namu hotunan na gida.

Na yi niyyar ba ɗan yayata laftof ɗin saboda karatu. Na goge komai, na zubar da kwandon shara, har na yi fomatin ɓangaren da Baba ke ajiye fayilolinsa. Yaron ya karɓa ya ce, "Anti, zo ki gani." Ya sa wata manhaja wai ita Recuva, kafin in gama wanke-wanke sai ga takardun da na goge sun jeru a gabana ɗaya bayan ɗaya. Jikina ya yi sanyi. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai Gyara

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Malama, abin da kika gani shi nake gani kusan kowane mako a teburina. Had-dis kamar babban littafin ajiya ne mai jadawali a farkonsa. Idan kika goge fayil, sunansa kawai aka cire daga jadawalin, aka rubuta cewa shafin nan babu mai shi. Rubutun yana nan daram har ranar da wani sabon abu ya hau kansa. Fomatin na gaggawa kuwa jadawalin yake yagewa gaba ɗaya, shafukan ko taɓa su bai yi ba.

Na taɓa sayen tsoffin had-dis guda shida don in riƙa gwaji da su. Huɗu daga ciki suna ɗauke da rayuwar masu su: hotunan yara, sakamakon asibiti, wani har da fayil ɗin da ya jera kalmomin sirrinsa. Na shafe su, amma na daɗe ina tunanin da hannun wani suka faɗa fa. Kuma matsalar tsohuwa ce. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da rahoto kan tsoffin had-dis 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, 12 kacal aka share yadda ya kamata, suka tsinci lambobin katin bashi sama da 5,000. Ɗaya daga cikin faifan ma daga na'urar cirar kuɗi aka ciro shi.

Maganin had-dis mai faifai mai juyawa shi ne a rubuta wani abu a kan kowane gurbi nasa. Tun daga Windows Vista, cikakken fomatin yana bin faifan yana zuba sifili, muddin kin cire alamar da ke kan na gaggawa. In kuma faifan da Windows ɗin ke zaune a kai ne, sa manhajar share faifai, DBAN ko ShredOS, a filash, ki tayar da kwamfutar daga nan, ki bar ta ta kwana tana aiki.

Ɗan Lissafi

Ni na yi da DBAN, amma na zaɓi tsarin Gutmann mai zagaye 35, wato a bi faifan da rubutu sau 35, don an ce shi ne wanda ko gwamnati ba ta iya dawo da komai bayansa. Faifan terabayit ɗaya ne. Kwana na biyar wuta ta ɗauke, batir ya mutu, sai daga farko. Na kusa jifa da kwamfutar.

Mai Gyara

Ɗan'uwa ka sha wahalar banza, ka yi haƙuri da faɗar. Peter Gutmann ya fitar da tsarin ne a 1996 don irin faifan wancan zamani, kuma shi da kansa daga baya ya rubuta cewa mutane sun mayar da zagaye 35 ɗin kamar tsafi. Ƙa'idar NIST 800-88, wadda hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar, ta nuna zagaye ɗaya ya wadatar wa faifan zamani. Abin da nake ƙarawa shi ne bayan an gama in sa Recuva ko PhotoRec in gwada da idona. In ba su tsinci komai ba, sai in miƙa wa mai shi.

Tsohon Makaniki

Ni ban yarda da abin da ba na gani ba, guduma na ɗauko. Ga abin da ya same ni don kada ya sami wani.

Da farko na goga wa wani had-dis maganaɗisun tsohuwar lasifika, na mayar cikin kwamfuta, ya tashi lafiya lau kamar ba a yi komai ba. Da na kwance shi sai na ga ashe a cikinsa akwai maganaɗisu da ya fi nawa ƙarfi, yana zaune dab da faifan shekara da shekaru. Na'urar da kamfanoni ke kashe faifai da ita ta maganaɗisu wata aba ce daban, ba ta gida ba ce.

Sai na koma kan na laftof. Na zaci ƙarfe ne, na ɗora masa guduma, ashe gilashi ne. Ya tarwatse, ɓarɓashi ya shiga mini gefen ido, ranar a asibiti na yini. Yawancin ƙananan faifai na laftof gilashi ne, manyan na tebur kuma galibi alminiyon. Yanzu sai na sa tabarau da safar hannu, na nannaɗe shi a tsumma. Manyan kuwa da diril nake huda su wuri uku ko huɗu, in tabbatar ya ratsa faifan kansa, don fasa koren allon da ke bayansa ba ya taɓa bayanan.

Masu cewa a jefa a ruwa ko a wuta, ku tuna kumbon Columbia da ya tarwatse a sama a 2003. An tsinci wani had-dis nasa a jihar Texas ya ƙone ya narke ta waje, ƙwararru suka ciro kashi 99 cikin ɗari na abin da ke ciki. Wanda ya faɗo daga sararin samaniya bai mutu ba, bokitin ruwa ne zai kashe shi?

Malamar Kimiyya

'Yar'uwa, kafin ki bi shawarar kowa, duba ko a cikin kayan akwai SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa sai ƙwayoyin lantarki, don hukuncinsa daban ne. Ni a nan na yi kuskure. Na yi ta rubuta sifili a kan wani fayil ina ganin na gama, sai wani abokin aiki ya fahimtar da ni cewa SSD ba ya rubutu a inda aka ce masa. Ƙwayoyin ajiyarsa suna gajiya da yawan rubutu, saboda haka yakan rarraba aikin, ya kai sabon rubutu wani gurbi ya bar tsohon a inda yake. Yana kuma da wani sarari na ɓoye da kwamfuta ba ta gani. Masu bincike a jami'ar California da ke San Diego sun gwada haka a 2011, suka ga rubutu a kan fayil ɗaya ba ya kawar da shi tabbas. Apple ma a 2015 ya cire zaɓin zubar da shara na dindindin daga kwamfutocinsa, saboda ba zai iya lamuncewa ba a kan SSD.

Abin da na yi a ƙarshe: na sauko da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, na ba da umarnin sharewa da ke cikin na'urar kanta, cikin mintuna ta gama. Filash da memori ba su da wannan, su kam almakashin ƙarfe ko guduma, kuma a tabbata baƙar ƙwayar da ke ciki ce ta farfashe.

Tun daga lokacin duk na'urar da na saya, ranar farko nake kulle ta da BitLocker, ko FileVault in Mac ce. Komai da ya shiga a sakaye yake shiga. Ranar rabuwa mabuɗin kawai za a hallaka, abin da ya rage tarkace ne da ba mai iya karantawa. Da na san haka da wuri da na huta.

Uwar Biyu

Nawa na waya ne. Na sayar da tsohuwar wayata bayan na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, hankalina kwance. Bayan kwana biyu na tuna memorin yana ciki. Risetin bai taɓa shi ba. Allah ya sa wanda ya saya mutumin kirki ne ya dawo mini da shi, amma kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba.

Wayoyin Baba kuma a duba shekarunsu. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsoffin wayoyin Android guda 20 da aka yi wa risetin, ya dawo da hotuna sama da 40,000. Na yanzu a kulle suke zuwa, iPhone ma haka, shi ya sa risetin ɗinsu ke aiki. In tsohuwa ce sosai, a shiga saiti a kulle ta tukuna sannan a yi. Kuma kada wanda ya kai wa waya guduma da batir a ciki, wuta yake kamawa.

Mai Karatun Jarida

Duk kuna maganar ƙarfen da ke hannu, ni kwafin da ke wani wuri ne ya ba ni kunya. Na farfasa faifai, na share waya, bayan wata shida na buɗe Google Photos a sabuwar waya sai ga hotunan nan reras. Ga na WhatsApp a Google Drive, ga waɗanda na taɓa tura wa kaina ta imel. A Drive ma abin da ka goge yana kwana 30 a shara kafin ya tafi.

Ya tuna mini da jaridar Guardian a Yulin 2013, lokacin takardun sirrin Amurka da Edward Snowden ya fallasa. Jami'an leƙen asirin Birtaniya biyu suka tsaya a kan ma'aikatan jaridar a ɗakin ƙasa a Landan, suna farfasa kwamfutoci da garanda da diril. Alhali editan, Alan Rusbridger, ya riga ya faɗa musu akwai kwafi a Amurka da Brazil. Malama, ki nemi imel ɗin Baba tukuna.

Wanda Ya Yi Nadama

Ni gargaɗi ɗaya gare ni. Na haɗa faifai biyu masu girma ɗaya, na zaɓi wanda ba shi ba. Hotunan mahaifiyata na shekara goma sha biyu da muryoyin da take turo mini. Na kai wa ƙwararru biyu, kowanne ya ce in da gogewa ce kawai da an dawo da su, amma wanda aka rubuta a kansa ya tafi. A cire duk wani faifai daga kwamfutar, a bar wanda za a share shi kaɗai.

Goggon Yara

'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Kada gaggawar rufa wa mutane asiri ta sa ki share hakkin wani. Mai riƙe lissafi ba ya rasa bashin da ake binsa ko wanda yake bi, wataƙila shaidar tana cikin filash ɗin nan. Ki zauna da yayyenki ku duba tare, masu takardu kuma a tambaye su ko suna so kafin a taɓa.

Autar Baba

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Goggo, maganarki ce ta tsayar da ni, kuma kin yi gaskiya: mun sami takardar wani bashi da babu wanda ya san da shi a cikinmu, an biya. Mutum uku sun zo sun karɓi fayilolinsu.

Hotunan gida mun kwashe a wuri biyu. Laftof ɗin ya kwana yana zagaye ɗaya, ɗan yayata ya sake gwada Recuva bai samu ko fayil ɗaya ba, har ya ɗan ji haushi. Ɗaya daga cikin na wajen ashe SSD ne, Malama, na bi yadda kika ce. Faifan kwamfutar tebur ya ƙi tashi sam, shi yayana ya huda da diril, da tabarau a idonsa.

Saura imel ɗin. Mun shiga, na ga komai, na san abin da ya kamata in danna. Amma akwai wani saƙo da ya fara rubuta mini bai tura ba, layi biyu ne kawai. Na rufe kwamfutar, sai wani satin.