Musayar baiti a kan shak mai ɗige-ɗige, babban kifin teku

Malam Sabo:
Da sunan wanda ya yi ruwa ya yi tudu,
Na buɗe fage kan kifin da ya fi kowa.
Tsawonsa kan zarce mita 12,
Ba ya cizo, ƙananan halittu yake tacewa.
Tun 2016 masana suka sa shi
A jerin masu fuskantar ƙarewa.

Baban Hafsa:
Malam, ka tara mu kan giwan ruwa?
Mutane na cikin yunwa, kai kifi kake tausayawa.

Hajiya Binta:
Giwan ruwa na kogi ne, ɗan'uwa,
San sunan abu kafin ka hau musantawa.
Wannan ɗigon bayansa tamkar zanen yatsa ne,
Ba guda biyu da ke dacewa.
Masu Swahili sun ce masa papa shilingi,
Kamar an watsa masa sulalla suna haskawa.

Auta: Allah ya ƙara basira, Yaya! Yau an san da manya a fage.

Ɗan Aruli: A yi haƙuri, Hajiya, ɗangonki na 3 ya yi tsawo, kari ya karye. Shi ma Malam, "mita 12" ba ta zauna ba.

Auta: To ina naka baitin? Kullum gyara, ba ka taɓa kawo ko ƙwar biyu ba.

Ɗan Aruli: Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa. Rera shi da bakinki ki ji inda numfashi zai yanke.

Hajiya Binta:
Ka auna ɗangona da ma'aunin zinari,
Farfelar jirgi na can tana yankawa.
Kusa da saman ruwa yake kiwo, tafiyarsa a hankali,
Kafin ya kauce jirgi ya gama takawa.

Malam Sabo: Na dawo a makare. Baban Hafsa, ga amsar yunwarka:
A tsibirin Mafiya na Tanzaniya
Baƙi na biya don su gan shi yana wucewa.
Mai kwalekwale na ci, ɗan rakiya na ci,
Wanda aka yanka sau ɗaya ake sayarwa.
Indiya ta hana kama shi a 2001,
Masuntan Gujarat kan yanke raga don ya samu kuɓucewa.

Baban Hafsa:
Na ji, Malam, na sauko rabi,
Amma ragar talaka wa ke biya in an yi yankewa?

Hajiya Binta:
Can ana ba su diyya, Baban Hafsa,
Tambayarka ta yi, ba ta ƙin amsawa.
A 1995 an soke wata uwa a Taiwan,
'Ya'ya kusan 300 a cikinta, mafi yawansu aka yi rasawa.

Ɗan Aruli: Wannan na ƙarshe ma ya yi tsawo, Hajiya. Amma na karanta shi sau 3, na kasa taɓa shi.