Wa ya yi rubutun da ke dutsen Kariong?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Jiya Asabar na shiga dajin Brisbane Water, kusa da Gosford, tafiyar kamar awa ɗaya daga Sidni a nan Ostireliya. Na bi bakin wani rafi ina duba falalen dutse, sai ga kwarmi-kwarmi dogaye guda takwas a jere, daf da wani gurbin ruwa. Nan ne mutanen Aborijin, 'yan asalin ƙasar, suke wasa gatarinsu na dutse, suna ɗebo ruwa suna jiƙawa. Kowane kwarmi sumul kamar cikin cokali. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Malam Isiyaku: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Nura. Amma ka je har can ba ka ga babban abin ba? A Kariong, nan cikin yankin, akwai rubutun Fir'auna kusan 300 a bangon dutse. Na gani da idona. An ce labarin 'ya'yan sarki Khufu na tsohuwar Masar ne da jirginsu ya kawo su nan, maciji ya sari ɗaya ya mutu. Ni na yarda Misirawa sun riga Turawa zuwa ƙasar nan da dubban shekaru. Ɓoyewa kawai ake yi don ba a son a ce baƙar fata ta yi wani abu.

Hadiza: Baba Malam, a gafarce ni, amma wannan rubutun ba tsoho ba ne. Sai a 1975 aka fara ba da rahotonsa, kuma mai safiyon da ya ba da rahoton, Alan Dash, ya ci gaba da zuwa wurin yana ganin alamomin suna ƙaruwa. Rubutun da ya shekara 4,500 yaya za a yi ya riƙa haihuwa?

Malam Isiyaku: 'Yata, wataƙila gansakuka ce ta rufe wasu, daga baya suka bayyana. Kuma kada ki manta Misirawa gwanayen jirgi ne. Jirgin Khufu da aka tono kusa da dalarsa a 1954 ya haura mita 40.

Hadiza: Jirgin gaskiya ne Baba, ban musa ba. Matsalar tana cikin rubutun kansa. Boyo Ockinga, masanin tsohuwar Masar a Jami'ar Macquarie, ya duba ya ce an cakuɗa alamomi na zamunna daban-daban, wasu ma ba a ƙirƙiro su ba sai da daɗewa bayan Khufu. Kamar a kawo maka takarda a ce Shehu Usmanu ne ya rubuta, ka duba ka ga da boko aka yi ta, har da lambar waya a ƙasa.

Nura: Malam, ni ma na biya ta Kariong ɗin kafin in dawo, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne bakin zanen. Dutsen yankin nan mai yashi ne, ruwa da iska na cinye shi da sauri. Rubutun Kariong bakinsa kaifi, layinsa a miƙe, irin aikin cizal. Ka je Bulgandry, nan kusa, ka ga na Aborijin. Akwai mutum da ado a kansa, akwai kifi, akwai walabi, wato ƙaramin kangaru. Idan rana ta take ba ka ganin komai sai dutse. Sai da hantsi ko la'asar sakaliya, inuwa ta kwanta cikin layin, sannan surar ta taso. In ka durƙusa za ka ga yadda suka yi: sun fara huda ƙananan ramuka a jere, sannan suka goge tsakaninsu har suka haɗe suka zama layi ɗaya. A wasu wuraren ramukan na nan ana gani. Tsufa ba ya ɓuya a dutse.

Abubakar: Ni ɗan Agadas ne, bari in sa baki. A Dabous, kan hanyar Arlit, muna da raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a dutse, babban ya haura mita 5. Da wani zai zo ya ce ba mutanen Sahara suka yi ba, wasu baƙi ne daga ƙetare, da raina ya ɓaci. Haka Frobenius, wani Bajamushe mai bincike, ya yi a Ife a 1910, ya ga kan tagulla ya ce aikin mutanen Atlantis ne, wata ƙasar almara da aka ce teku ta haɗiye. Malam, abin da ake yi wa Aborijin ke nan da labarin Kariong. Mutane sun fi shekara 50,000 a ƙasarsu, sassaƙensu na nan birjik a bakin kogin Hawkesbury da Ku-ring-gai, amma ana wuce su a tafi kallon na jabu.

Malam Isiyaku: Abubakar, wannan magana taka ta shige ni. Ban yi nufin rage wa masu ƙasa komai ba, Allah shi ne shaida. Sai dai har yanzu ina tambaya: wane ne zai ɓata ƙarfinsa ya shiga daji ya sassaƙa alama 300 a banza?

Hadiza: Shi Ockinga ya kawo yiwuwar cewa sojojin Ostireliya ne da suka zauna a Masar lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ko kuma zazzaɓin Masar da ya kama duniya bayan gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922. Hasashe ne, shi ma bai ce tabbas ba. Amma rashin sanin ɓarawo ba ya hana a ce an yi sata.

Abubakar: Nura, turo mana taswirar wurin da ka ga kwarmin nan, mu ma mu je.

Nura: Yaya Abubakar, ka yi haƙuri, ba zan turo ba. Da zarar wuri ya bazu sai a fara taka shi, wasu har alli suke bi da shi don hoto ya fito, wasu su rubuta sunansu a gefe. Dokar jihar New South Wales ta 1974 ta haramta lalata irin waɗannan wurare, kuma mutanen Darkinjung, Aborijin na wannan yanki, suna da haƙƙi a kai fiye da mu. Zan sanar da ma'aikatan gandun daji ranar Litinin. Amma Bulgandry a buɗe take ga kowa, har da gadar katako aka yi don kada a taka zanen.

Malam Isiyaku: To, ka zo ka ɗauke ni Lahadi bayan sallar asuba. Mu fara da Bulgandry tun rana ba ta ɗaga ba, daga nan mu wuce Kariong in sake duba bakin layin nan da kake faɗa. Ban sauka daga maganata ba tukuna.