Idan aka ɗauke wuta, me zai ceci kifin ado?

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sun yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: rashin iskar shaƙa ne ke fara kashe kifi. A manta da fitila, a fara da famfon iska. Ƙarami mai USB kan ci wat 1 zuwa 2, don haka power bank mai 10,000mAh zai riƙe shi kusan kwana guda. A sa bawul mai hana ruwa komowa a tiyo, in ba haka ba ruwa zai iya zuƙowa ya malale ɗaki.

Batirin inbata mai 12V 100Ah, idan aka ja rabinsa kawai don kada ya lalace, zai ɗauki nauyin wat 20 kusan awa 25. Amma hita mai wat 200 za ta zuƙe shi cikin awa uku. Gara a lulluɓe akwatin da bargo don ya riƙe ɗumi. Inbata mai arha kuwa kan sa famfo gurnani da zafi.

Na'urar tace ruwan akwatin, wato matata, ita ce mutane ke mantawa. Idan ta tsaya awanni, ƙwayoyin bakteriya da ke tsabtace ruwa sukan mutu, ruwan cikinta ya yi ɗoyi. A zubar da shi kafin a sake kunnawa, kuma a daina ba kifi abinci har wuta ta dawo.