Tsohuwar mota mai zafi, mai fowil, kuma da arha: wai akwai ta kuwa?

Abban Jos: Salam jama'a, shawara nake nema don Allah. Ina son tsohuwar mota irin ta wajen 1998 zuwa 2008, mai ɗan zafi in an taka ta, kuma wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja koyaushe, ba irin fowil ɗin Hilux da ake sakawa a cire ba. Hanyar ƙauyenmu daga an sauka kwalta jar laka ce da damina, ga hawa ga gangara, kuma ni gsky bana son jip. Kuɗin hannuna basu wuce na Corolla mai tsabta ta hannu ba. Tun ina yaro zuciyata tana kan Subaru WRX. Me kuka gani?

Oga Sale Panteka: Wa alaikumus salam. Abba zan faɗa maka abinda nake faɗa wa duk wanda ya shigo gareji da wannan maganar, arha da gudu da fowil basa haɗuwa a mota ɗaya, biyu zaka ɗauka ka haƙura da ɗaya. In ka ga WRX ana siyarwa da kuɗin Corolla to akwai abinda mai ita ya gani ya gudu. Mota ce da yara suka siya don su ci ƙaniyarta, tun a Amurka aka fara ci, aka kawo nan aka ƙarasa. Kai kuma ka zo a na biyar ko na shida ka gaji wahalar kowa.

Baban Khalifa: Oga Sale ku yi haƙuri amma wannan hukuncin yayi faɗi da yawa. Shekara ta bakwai kenan ina hawan Subaru Legacy kuma ban taɓa kwana a hanya ba. Motar nan an ƙera ta ne tun asali da fowil, injin kwance yake, silinda biyu hagu biyu dama, nauyinsa yana ƙasa ƙasa shi yasa in ka shiga kwana take mannewa da titi kamar an liƙa ta. Ba banza ba Colin McRae ya ci gasar tseren duniya ta rali a 1995 da Impreza, a kan tsakuwa da laka da ƙanƙara ake wannan tseren fa, irin hanyar da Abba yake faɗa. Ku je Kenya ku gani, Subaru kamar Golf a Kano, samari har ƙungiya suke da ita.

Oga Sale Panteka: Kenya hannun hagu suke bi a titi kamar Japan, saboda haka motar Japan kai tsaye take sauka Mombasa da kayan gyaranta a bayanta. Mu tun 1972 muka koma hannun dama, mai sitiyari a dama ma doka bata yarda a shigo da ita ba. Wanda ya kawo ta sai an juya sitiyarin, kuma wlh na ga juyin da aka yi da walda a kan sandar sitiyari, motar da zaka taka ta wuce 140 kenan. Sannan Baban Khalifa ka faɗa wa Abba gaskiya, taka mai turbo ce?

Baban Khalifa: A'a, 2.5 ce marar turbo.

Oga Sale Panteka: To ka gani. Taka tana da arha tana da fowil, amma bata da zafin da yaron nan yake nema. Maganata ce dai ta dawo. Kuma ita ma 2.5 ɗin kowa ya san ciwonta, gaskit ɗin top, ta fara tsiyayar mai ko ruwa, ga top biyu ne ba ɗaya ba, mafi yawa sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a yi aiki mai kyau.

Baban Khalifa: Na canza nawa sau ɗaya, ban musa ba. Amma sau ɗaya a shekara bakwai ai ba abin tsoro bane.

Injiniya Mansur: Ni ina ganin ku biyun kun tsaya kan Subaru kamar ita kaɗai ce a duniya. Audi ce fa ta buɗe wannan hanyar, 1980 ta fito da quattro, motarta mai fowil, kafin nan ana ganin fowil na motar soja da ta gona ne, suka shiga rali suka kori kowa, har mace Michèle Mouton ta ci tseren Sanremo a 1981 da ita. A4 quattro mai injin 1.8T, ƙirar B5 ko B6, tana nan birjik da sitiyari a hagu tunda daga Turai ake kawo ta, akwai manuwal, kuma abinda yake raba ƙarfi tsakanin gaba da baya a cikinta ƙarfe ne zalla, Torsen, babu kwamfuta babu waya, baya lalacewa da wuri. Injin kuma ɗan gidan Passat ne, a Ƙofar Ruwa zaka samu kayansa. In ana maganar arha da fowil da ɗan zafi a haɗe to ga ta nan.

Maman Ilham: Injiniya Allah ya ƙara ilimi, amma ni na zauna da A4 ɗin nan a gida shekara uku, ta maigidana ce kuma ni nake kai yara makaranta da ita. Daɗin tuƙi kam babu magana, ranar da aka yi ruwa har ka manta titi a jiƙe yake. Amma ƙafar gaba fa, hannuwa takwas ne na alminiyon, huɗu kowane gefe, ramukan garinmu suna cinye su ɗaya bayan ɗaya, ka canza biyu wata biyu su fara ƙara, kuma na kasuwa masu arha basa kai wata shida. Ranar canjin taimin bel kuwa sai da aka kwance bamba da lagireto duk fuskar motar aka jawo ta gaba. Ƙarshe fitilar mai ta fara kawowa, aka buɗe aka tarar baƙin mai ya daskare kamar kwalta ya toshe matatar famfo, wai wanda ya hau ta kafin mu baya juye a kan lokaci kuma mai na gwangwani yake zubawa. Mun saida ta muna sonta.

Injiniya Mansur: Hajiya wannan daskarewar sananniya ce a 1.8T, mai kaɗan yake ɗauka ga zafin turbo, in ba sintetik ake zuba masa ba haka zai yi. Laifin riƙo ne ba na ƙira ba.

Oga Sale Panteka: Injiniya ai riƙon shi ne duk maganar. Abba ba sabuwa zai siya ba, riƙon wasu zai siya. Ku tuna a Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, na Kwatano suka ragu, sannan a 2022 kwastan suka ce motar da ta haura shekara 12 bata cikin ƙa'ida, ga dala ta tashi. To motar 2003 da zaka gani yau a kasuwa mafi yawa ta daɗe a ƙasar nan tana shan hannun mutane. Bari in faɗa maku abinda nake gani da idona. Farfelar baya ta fara kuka, wani ya kwance ta ya ajiye, motar ta koma ja da ƙafa biyu amma tambarin AWD, wato fowil, yana nan a but, dillali ya rantse maka fowil ce. An cire tamostat an haɗa fanka dairek. Taya huɗu kamfani huɗu, ɗaya sabuwa ɗaya ta suɗe, alhali irin wannan motar tayoyin dole su zama girma ɗaya, in ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta tana juyawa fiye da su, abin rabon ƙarfi na tsakiya yana ta faman aiki yana zafi har ya ƙone. Haka in ta mutu a hanya aka kira janwe ya ɗaga gaba ya ja ta da ƙafar baya a ƙasa, shi ma kisa ne, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya.

Abban Jos: Kai Oga wannan na taya ban taɓa sani ba wlh. Kenan in ɗaya ta fashe sai na canza huɗu?

Oga Sale Panteka: In sauran sun ci sosai eh. In sabbi ne ka samu irinta sak ka saka.

Ɗan Sabon Gari: Na karanta komai tun daga sama, ni dai ban yarda da Oga Sale ba cewa ukun basa haɗuwa. Suna haɗuwa, abinda zaka haƙura da shi suna ne da turbo. WRX da Evo da Celica GT-Four da Skyline sunansu ne ya kashe su a wajen talaka, Amurka tana da dokar da motar da ta cika shekara 25 ake iya shigar da ita ko bata bi ƙa'idarsu ba, tun da Skyline ƙirar R32 ta cika shekarun a 2014 masu dala suke wawashe irin waɗannan a Japan, farashi ya haukace ko'ina. Ka manta da su. Ka nemi Infiniti G35x, saluun ce, ta fara da fowil a 2004, injin VQ35 V6 mai lita 3.5, na 2005 da 2006 ƙarfin doki 280, ya fi WRX ɗin 2002 mai doki 227, babu turbo, taimin ɗinta sarƙa ce ba bel ba. A hanya mai kyau kusan duk ƙarfin baya yake zuwa, sai taya ta fara sulɓi ya tura gaba, tsarin ATTESA ne dangin na Skyline. Sannan injin nan danginsa sun cika ƙasa, Murano, Maxima, Altima, Pathfinder, uwa uba FX35 da suke shasi ɗaya, daga kasuwar kayan gyara ta Ladipo a Legas har Apo a Abuja ba wanda zai ce maka bai san shi ba. Kuma mutane basa rububinta saboda tsoron mai, shi yasa kuɗinta a ƙasa yake.

Baban Khalifa: Otomatik ce kaɗai fa mai fowil ɗin, babu manuwal, ga nauyi. Wanda yake mafarkin WRX ba zai ji abinda yake nema a ciki ba. In dai marar turbo za a bi to Legacy 3.0R mai silinda shida ta fi kusa, ita ma sarƙa ce, doki wajen 245, kuma na Turai akwai manuwal mai giya shida.

Ɗan Sabon Gari: Nawa ka taɓa gani a Arewa? Ranar da famfon ruwanta ya mutu ina zai samu?

Baban Khalifa: Ana aikowa daga Legas, kwana biyu.

Maman Ilham: Ku dai ku sa mai a lissafi. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 V6 mai lita 3.5 ba abin wasa bane ga mai albashi, mu ƙaramin 1.8 ma mun ji a jikinmu. Kuma duk motocin nan da kuke lissafawa ƙasa ƙasa suke, fowil zai fidda ka daga santsi amma in cikin motar ya zauna a kan tudun laka babu abinda zai yi maka.

Oga Sale Panteka: Hajiya kin taɓo wajen. Kuma Ɗan Sabon Gari na yarda G35x ta fi sauran sauƙin riƙo, a nan kam ka yi gaskiya, amma abinda ka rage wajen siye zaka biya shi a gidan mai duk sati, to ina arhar? Ita ma kuma tana da nata, sensan kam da na kiran suna kashe ta ana cikin tafiya, wasu suna shan baƙin mai, kuma aksil ɗin gaba a jikin kaskon mai yake ɗaure, ba kowane injin Murano zaka ɗauko ka jefa ba.

Ɗan Sabon Gari: Sensa ai kuɗin cefane ne Oga. Ni arha a wajena ita ce motar da in ta lalace ranar Talata Laraba tana kan titi.

Abban Jos: Na gode sosai wlh kowa ya buɗe min ido. WRX dai na ajiye ta tukuna. Akwai G35x ta 2005 da aka nuna min a Bukuru, da wata Legacy a Kaduna da har yanzu ban tabbatar ko 3.0 ce ba. Oga Sale in na je me zan fara dubawa?

Oga Sale Panteka: Kar ka yarda a ɗuma ta kafin ka iso, da sanyinta za a tayar a gabanka. A hau da ita rami ka leƙa da kanka ka ga farfela tana nan har baya da shaf ɗin gaba duka biyu, ka duba tsatsa a ƙasa don na jihohin ƙanƙara na Amurka gishirin titi yana cinye su. Ka karanta lambar tayoyi huɗun. A fili ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama, in tana tirjewa tana tsalle to na tsakiya ya tafi, ka bar ta. A sa kwamfuta, ka tabbata fitilar cek injin tana kawowa in an murɗa makulli don wasu cire ƙwan suke. Takardar kwastan kuma a tantance lambar shasi kafin ka bada ko sisi. Ta Kaduna turo min inda take, Asabar in Allah ya kaimu zan je in gan ta da kaina.

Baban Khalifa: Oga in zaku je ku kira ni, zan zo da tawa ku tuƙa biyun ku gwada.