Batir ne ya mutu ko direban kanal ne ke min ƙarya? Dubu 30 gare ni da mako uku

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ce min "sayi sabon batir".

Laftof ɗina tokumbo ce, shekararta biyu a hannuna, Linux ne a kanta. Watan jiya na sabunta tsarin, kanal, wato zuciyar tsarin Linux, ya tashi daga 5.15 zuwa 6.8. Abu biyu ke damuna yanzu. In na rufe murfinta da daddare tana kashi 90, da asuba sai in tarar da ita kashi 30, jikinta da ɗumi kamar an kwana ana aiki da ita. Sannan in ina aiki ta sauko wajen kashi 40, sai kawai ta ɗauke ɗif, ko gargaɗi babu.

Na ɗora tsohon kanal a filashi na gwada kwana biyu. Zubar cajin dare ta tsaya, amma mutuwar kashi 40 tana nan. Na leƙa /sys/class/power_supply/BAT0, energy_full_design (ƙarfinsa na asali) ya nuna 48000000, energy_full (ƙarfinsa na yanzu) kuma 41000000. A lissafi batir ɗin yana da kashi 85 na ƙarfinsa ke nan.

Saura mako uku in kare furojet ɗina, kuma dubu 30 ce kawai a hannuna. In sayi batir da ita, ko in riƙe kuɗina in bi sawun kuskuren cikin direban, wato manhajar da kanal ke magana da batir ta hanyarta, in kai rahoto? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka.

Abban_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Sayi sabon batir.

Sarkin_Zolaya:
Ni fa tun daga sama na rikice. Kanal, direba, kuma na san nan gaba za a kira mai faci. Laftof ce ko motar sojoji? In kanal ne ya yi maka juyin mulki, ka kai ƙara wajen birgediya mana.

Usaini_Gyara:
Ƙanena, shekarata 14 ina buɗe waɗannan na'urori a kasuwa. Ka goge abin nan ka mayar mata da Windows, da shi aka haife ta. Kawo ta, dubu 3 ne har da Office. Batir kuma ina da shi, dubu 18.

Maman_Ilham:
Dubu 18 a ina? Maigidana ya sayo min nawa kafin azumi, dubu 35 cif, sai da aka yi ciniki ma.

Usaini_Gyara:
Hajiya, ai kaya suna-suka-tara. Akwai na kwali, akwai cire, akwai wanda aka sake wa 'ya'yan ciki. Na cire har dubu 12 za ki samu.

Malama_Zee:
Ɗan Gwale, matsala biyu ce daban kake haɗawa a tukunya ɗaya, kuma gwajin da ka yi da filashi ya riga ya raba maka su.

Mutuwar kashi 40 tana faruwa a kanal biyun, to ba sabuntawar ce ta jawo ta ba. Direban batir na ACPI (tsarin sarrafa wutar kwamfuta), wanda ke drivers/acpi/battery.c, ba ya auna komai da kansa. Tambayar BIOS, manhajar da kamfani ya dasa a kwamfutar, yake yi ta hanyar _BST da _BIX, BIOS ya tambayi ƙaramar na'urar da ke kan allon kwamfutar, ita kuma ta tambayi ɗan guntun lissafin da ke cikin batir ɗin. In ɗan guntun nan ya ruɗe, ƙaryar da ya faɗa ita za ta iso maka har kan allo. Wannan 41000000 ɗin hasashensa ne kawai. Ka bar ta ta ƙare tas, ka yi mata caji ta cika ba katsewa, sau biyu, ka sake duba lambar. Kuma ka riƙa kallon voltage_now lokacin da ta kusa kashi 45, ka ga ko yana faɗowa da sauri.

Zubar cajin dare kuwa, nan ne kanal zai iya zama da hannu. Buga cat /sys/power/mem_sleep a kanal biyun ka kawo mana abin da ya fito. Wanda ke cikin baka shi ne barcin da take yi. In s2idle ne, na'urar ba ta kwanta gaba ɗaya ba, gyangyaɗi take, kuma na'ura ɗaya da ta ƙi yin shiru ta isa ta hana sauran hutawa. In ka ga deep a jerin, sa mem_sleep_default=deep a GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, ka kwana ka gani.

Sarkin_Zolaya:
Ashe laftof ma tana da barcin zomo. Wanda ya riga ka barci dai ya riga ka tashi, shi ya sa take riga shi mutuwa.

Injiniya_Bala:
Ɗan Gwale, na ga ka ce za ka "bi sawun kuskuren". Bari in ba ka labarina, in ka ga dama ka ɗauka.

Shekara biyu da suka wuce tawa ta fara hauka. Kashi ya riƙa tsalle, 70 yanzu, 15 anjima, 60 bayan sallah. Na ce ai ni injiniya ne, ba mai gyaran da zai ci kuɗina. Na sauko da lambar kanal gaba ɗaya, data ta tafi. Na fara git bisect, wato ka raba canje-canjen gida biyu, ka harhaɗa kanal a tsakiya, ka gwada, ka ce mai kyau ne ko marar kyau, ka sake rabawa. A rubuce abin gwanin sauƙi. A ɗakina kuwa kowace harhaɗawa tana cin sama da awa biyu, fanka na kuka kamar injin markaɗe, ga zafin Afrilu. Wuta ba ta kai awa biyu a unguwarmu, sai janareta. Kwana tara ina zuba mai. Matata ta fara tambaya ko wata sana'a na buɗe.

A zagaye na 11 mai ya ƙare ana tsakiyar rubutu a faifai. Batir ɗin da ya nuna min kashi 64 bai riƙe ko daƙiƙa biyar ba. Da na kunna, faifan ya ƙi hawa. A cikinsa akwai bayanan binciken wani bawan Allah da nake yi wa lissafi, aikin wata huɗu, takardun tambaya sama da 300 da muka shigar da hannu. Na ceto wasu, sauran sun tafi. Na mayar masa da kuɗinsa, har yau in muka haɗu a masallaci gaisuwar sama-sama muke.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen. Ban taɓa lura cewa haukan ya fara ne mako guda bayan na sa sabon batir ba. Mai shagon ya rantse min na asali ne, har da hatimi. Da aka fasa, 'ya'yan batir samfurin 18650 ne guda shida, kala uku daban-daban, biyu da tsatsa a baki. Babu wani kuskure a kanal. Duk "mai kyau" da "marar kyau" da na riƙa bugawa, batir ɗin ne ke wasa da hankalina. Na koma shagon, ya ce ai na buɗe, ba garanti.

To ka ji. Ko ka bi kanal ka ƙone, ko ka sayi batir ka ƙone. Ni ban san wanne zan ce maka ba.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Injiniya. Wallahi har na ji tsoron nawa.

Abban_Hafsa:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Yallaɓai, aikin mutane na wata huɗu ba ka kwafe shi ko a filashi ba? Nan fa ba laifin batir ba ne.

Injiniya_Bala:
Na gode da wa'azi. Shekara biyu ina yi wa kaina shi.

Usaini_Gyara:
Kun gani ko? Da ya kawo min tun farko, minti goma zan gaya masa. Ku 'yan boko sai ku zauna kuna buga baƙin allo alhali ciwon yana cikin roba. Shi ma Ɗan Gwale ɗaya daga 'ya'yan batir ɗinsa ne ya gaji. In aiki ya yi nauyi sai ƙarfinsa ya faɗi, allon kariya ya yanke wuta. Na ga irinsa ya fi a ƙirga.

Malama_Zee:
Malam Usaini, a kan kashi 40 ɗin ban ƙi taka ba, kusan abin da na faɗa ke nan. Amma kai ne fa ka ce ya sa Windows. Windows zai gyara ɗan batir da ya gaji? Daga BIOS ɗaya suke shan labari. Ya buga powercfg /batteryreport a can, lambobin nan dai zai gani.

Injiniya, sannu da wannan rashi. Sai dai gwajinka ya lalace ne tun tushe, domin ba ka tabbatar tsohon kanal yana aiki daidai ba kafin ka fara. Shi ya tabbatar.

Usaini_Gyara:
Malama, batir nawa kika taɓa fasawa da hannunki?

Malama_Zee:
Ko ɗaya. Kai kuma rahoton kuskure nawa ka taɓa turawa?

Sarkin_Zolaya:
A kawo kujeru da gyaɗa.

Ɗan_Gwale:
Don Allah a yi haƙuri. Malama, na duba. Duka biyun [s2idle] suka nuna, babu deep ko kaɗan. Na shiga BIOS ban ga wani zaɓi na barci ba.

Malama_Zee:
To BIOS ɗinka bai bayar da S3, wato barcin deep ɗin, ba ke nan, wancan umarnin ba zai yi maka amfani ba. Wasu laftof samfurin ThinkPad suna da wurin zaɓa a BIOS, amma ba kowace na'ura ba. Tunda barci iri ɗaya suke yi kuma ɗaya na zubar da caji, da alama wani abu ya canza a tsakani, watakila ma ba a direban batir ba, a na wayfai ko na faifai. Irin wannan koma-bayan masu kanal suna ɗaukarsa da muhimmanci. Ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ce tun da daɗewa cewa abin da ke aiki jiya bai kamata sabon kanal ya karya shi ba.

Amma ka san nisan tafiyar. Daga 5.15 zuwa 6.8 fitowa 13 ce, kowace da canje-canje sama da dubu goma. Kar ka fara harhaɗawa. Ka sauko da kanal da aka riga aka haɗa, gwaji huɗu ya isa ya nuna maka tsakanin wace fitowa da wace abin ya shigo. Daga nan git bisect zai ci zagaye 13 ko 14, kuma make localmodconfig zai rage maka lokacin sosai. Kowane zagaye sai ka bar ta ta yi barcin awa guda aƙalla ka auna energy_now kafin da bayan. Kafin duk wannan ka gwada kanal mafi sabo da sabon BIOS, mai yiwuwa an riga an gyara. In ka gano canjin, scripts/get_maintainer.pl zai faɗa maka wanda za ka rubuta wa. Ɓangaren ACPI da sarrafa wuta Rafael Wysocki ne ke riƙe da shi, drivers/power/supply kuma Sebastian Reichel. Ba sai ka iya rubuta faci, wato gyaran lambar kanal, ba, rahoto mai kyau ma aiki ne.

Ni dai ba zan fara wannan ana saura mako uku kare furojet ba. Zauna kan 5.15 tukuna.

Sarkin_Zolaya:
Na faɗa muku mai faci zai iso!

Issoufou_Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Nan wajenmu batir jika 15 ne na sefa, kuma yawanci daga Kano ake kawo shi. Ni abin da ya taimake ni shi ne hana caji wuce kashi 80. Akwai fayil charge_control_end_threshold, na rubuta 80 a ciki, tun lokacin batir bai kumbura ba duk zafin nan namu.

Ɗan_Gwale:
Na duba, babu wannan fayil ɗin a tawa.

Malama_Zee:
Sai direban kamfanin na'urar ya san shi yake bayyana. Na ThinkPad ya samu iyakar caji tun kanal 4.17, amma fayil mai wannan sunan sai a 5.9. Kuma kariya ce, ba ta tayar da wanda ya riga ya gaji.

Abban_Hafsa:
Kashi 80? Malam Issoufou, ku da alama kuna da wuta. Mu nan in ta zo ƙarfe biyun dare, tashi muke mu cika komai har tocilan. Wa zai bar kashi 20 a waya bai san ranar dawowarta ba?

Maman_Ilham:
Gaskiya ka faɗa. Kwananmu huɗu rabonmu da ita, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba. Wai taransifoma ce, an ce kowane gida ya kawo dubu 5. Na uku ke nan bana.

Injiniya_Bala:
Kuma in ta zo ba ta zuwa da hankali. Caja biyu ta ƙona min. Ni yanzu na fi zargin wutar nan da kashe batura fiye da kowane direba.

Usaini_Gyara:
Rabin abin da ake kawo min shago aikinta ne. Ku sayi sitabilaiza, ina da su.

Abban_Hafsa:
Malam Usaini, akwai abin da ba ka da shi kuwa?

Ɗan_Gwale:
To jama'a, batir ɗin fa? Jiya ta sake ɗaukewa a kashi 43 ina tsakiyar babi na huɗu. In sayi na dubu 18 ɗin ko in jira in gama cika ta da ƙarar da ita sau biyu? Matsalar ita ce wutar ba ta daɗewa har ta cika ba katsewa.

Maman_Ilham:
Ku da kuka sa sola, nawa batir ɗin inbata yake yanzu? An ce min dubu 250, wani kuma ya ce ya kusa 400.

Issoufou_Maraɗi:
Hajiya, na ruwa ko na lityam?