Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira "Credit" na Sakandaren Amurka?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Iyayen yara na unguwarmu a Bronx, cikin birnin New York, sun ɗora mini aikin mayar da takardar sharuɗɗan kammala sakandare zuwa Hausa, kuma dole in miƙa ta kafin daren Juma'a, domin ranar Asabar za a raba ta ga waɗanda 'ya'yansu suka shiga aji tara, wato shekarar farko cikin shekaru huɗu na sakandare. Kalma ɗaya ce ta hana ni gamawa, wato "credit". A makarantun gwamnati na wannan birni, idan ɗalibi ya zauna darasi guda na tsawon rabin shekarar karatu, minti 180 a kowane mako, kuma ya ci da maki 65 ko fiye, sai a rubuta masa guda ɗaya. Ana bukatar ya tara 44 kafin a ba shi takardar kammalawa: 8 na Turanci, 8 na tarihi da zamantakewa, 6 na lissafi, 6 na kimiyya, 4 na motsa jiki, 2 na harshen waje, 2 na zane ko kiɗa, 1 na kiwon lafiya, sai 7 na darussan da ya zaɓa da kansa. Me za mu kira wannan abin da ake tarawa?

Ɗan Rediyo: Wa alaikumus salam. Kiredit mana. Kowa ya san kalmar, kuma ta daɗe a bakin Hausawa.

Malamar Lissafi: Malam, sanin da aka yi mata ne ya sa take da haɗari a nan. Duk uban da ya taso a Nijeriya ko Gana, idan ya ji kiredit, abin da ke zuwa masa shi ne sakamakon jarrabawar WAEC, daga A1 zuwa C6, da sharaɗin nan na kiredit biyar har da Turanci da lissafi kafin a shiga jami'a a Nijeriya. Can kiredit daraja ce ta ci, ana samun ta sau ɗaya a jarrabawar ƙarshe. Nan kuwa ƙidaya ce ta darussan da aka kammala, kuma wanda ya sami 65 da wanda ya sami 98 guda ɗaya za a rubuta wa kowannensu. Na taɓa zama da wani uba a ranar ganawar iyaye da malamai, ya ɗora yatsa a kan takardar ɗansa inda aka rubuta 12, fuskarsa cike da murna, yana cewa yaron ya ninka biyar ɗin da ake nema har da ragowa. Yaron kuwa yana ƙarshen aji goma, inda ake bukatar 20 kafin a wuce zuwa aji sha ɗaya. Sai da na jera masa lissafin a bayan takardar kafin ya gane cewa ɗansa yana baya da guda takwas.

Ɗan Damagaram: Mu kuma da muka yi karatu a Nijar ba mu da wannan ƙidaya a lise, wato babbar sakandare, ko kaɗan. Abin da muka sani shi ne matsakaicin maki bisa 20, da nauyin da ake ba kowane darasi gwargwadon sashen da mutum ya bi, A ko C ko D, sannan bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ta yanke hukunci a ƙarshe. Idan aka ce mana kiredi, kuɗin waya ko bashi muke ji. Ina ba da shawarar a ce maki.

Malamar Lissafi: Maki ya riga ya kama wurinsa a jimlar farko ta takardar, inda aka ce sai an ci da maki 65. Idan muka ce ana samun maki ɗaya da maki 65, mun rikita mai karatu tun daga bakin ƙofa.

Tsohon Malamin Hausa: Ina bin maganarku, kuma abin da ke damuna shi ne yadda kowa ke gudu zuwa ga aro tun kafin ya leƙa rumbun gida. Bahaushe ya san karatun da ake tarawa kashi kashi har a kai ga kammalawa tun kafin boko ya zo ƙasarsa. Almajiri yana cewa ya kai izu goma, ya kai izu talatin, idan ya cika sittin sai a yi sauka, a yanka rago, a tara dangi. Me ya rage a cikin abin da Mai Fassara ya bayyana? A rubuta cewa ɗalibi yana bukatar izu 44 kafin ya yi saukar sakandare. Babu tsohuwar da za ta karanta wannan jimla ta nemi ƙarin bayani, kuma babu wanda zai ɗauka daraja ce ta ci, domin kowa ya san izu awo ne na yawan abin da aka karanta.

Mai Fassara: Malam, wallahi jimlar ta yi daɗin ji, kuma ta warware matsalar da Malama ta kawo. Abin da nake tunani shi ne ko iyaye za su yarda a ɗauko ta daga inda take.

Hajiyar Zango: Ba za su yarda ba, ɗana, ni ma ban yarda ba. Izu na Alƙur'ani ne. Ba zan iya buɗe baki in ce jikata ta sami izu biyu na kiɗa da izu huɗu na guje guje ba. Ranar Asabar za a bar maganar yara a koma gardama a kan wannan kalma, kuma limami ne zai fara tashi.

Tsohon Malamin Hausa: Hajiya, da girmamawa, kalmar asalinta Larabci ce, hizbi, ma'anarta kashi ko rukuni, kuma Larabawa da kansu suna kiran jam'iyyar siyasa da ita. Mu ne muka keɓe ta. Kalmomin karatu da makaranta da malami da darasi duk a zauren allo suka girma, boko ya zo ya ɗauke su, ba wanda ya ce an yi saɓo. Abin da ya hana mu ƙara guda ɗaya shi ne mun saba ganin cewa duk abin da ya shafi ilimin zamani sai da kalmar Bature yake da kwarjini. Idan Hausawan da ke zaune a ƙasar waje suka ci gaba da haka, nan da 'yan shekaru Hausarsu za ta zama Turanci mai ɗauke da "ne" da "ce".

Hajiyar Zango: Malam, a Kumasi aka haife ni, a zango na girma, kuma tun ina yarinya nake jin mutanen Arewa suna cewa Hausarmu ta lalace. Da wannan Hausar muka yi kasuwanci, da ita muka aurar da 'ya'ya, da ita ake wa'azi a masallatanmu na Bronx har yau. Mafi yawan waɗanda za su karɓi takardar nan mutanen Gana ne da Nijar da Togo, ba ɗaliban sashen Hausa na jami'a ba. A rubuta musu abin da za su gane.

Ɗan Rediyo: Hajiya ta faɗi gaskiya. A aikinmu ma, kalmar da aka ƙirƙira a ofis takan mutu a ofis idan masu sauraro ba su ɗauke ta ba. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, amma yau kwamfuta kowa ke cewa.

Tsohon Malamin Hausa: Amma jirgin sama ya zauna, majalisar ɗinkin duniya ta zauna, kalmar shugaban ƙasa ma ta zauna. Waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan ba su ce masu sauraro ba za su gane ba. Kuma ban ce Hausar zango ta lalace ba, Hajiya, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba.

Malamar Lissafi: Baba, don Allah mu dawo kan takardar. Ina da dalilin da ya hana ni karɓar izu wanda bai shafi addini ba. Izu sittin duk na littafi ɗaya ne, wanda ya cika sittin ya gama, babu sauran tambaya. Waɗannan 44 kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne yaranmu suke faɗuwa. Yaro yana iya tara 46 a hana shi kammalawa saboda na motsa jiki bai cika ba, domin rabi rabi ake ba da shi a kowane zango, kuma sai an yi shi a duk shekaru huɗun. Yana iya cika 44 daidai a ba shi takarda, ya je neman jami'a mai tsananin zaɓe a ce lissafinsa ya tsaya a shekara uku alhali suna son huɗu, harshen waje kuma shekara ɗaya kawai ya yi alhali suna son biyu ko uku. Lissafi tsani ne: Aljabara ta ɗaya, sai Jiyometiri, sai Aljabara ta biyu, sai share fagen Kalkulas, sannan Kalkulas. Wanda bai fara Aljabara a aji takwas ba, da wuya ya kai Kalkulas a aji sha biyu sai ya haɗa biyu a shekara ɗaya ko ya yi karatun bazara, kuma wanda ke son injiniya yana bukatar a faɗa masa haka yana aji tara, ba ranar cika takardar neman gurbi ba. Ban da wannan akwai jarrabawar Regents ta jiha, akwai darussan AP, wato darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, da ake jarrabawarsu a watan Mayu a ba da sakamako daga 1 zuwa 5, akwai shirin College Now na jami'ar birni, CUNY, inda ɗan sakandare ke ɗaukar darasin jami'a kyauta. Kalmar da za ta sa uba ya ɗauka cewa cika adadi shi ne sauka za ta cuce shi, ko da kuwa Hausa ce tsantsa.

Ɗan Damagaram: To idan awo ne, a ce awon darasi. Na karanta cewa asalin abin ma awon lokaci ne: gidauniyar Carnegie ce ta kafa shi a 1906, aka ce sa'a 120 na zama a aji cikin shekara su ne guda ɗaya, domin jami'o'i su iya kwatanta ɗaliban da suka fito daga makarantu daban daban. Awon darasi 44. Bai taɓa addini ba, bai yi karo da WAEC ba.

Mai Fassara: Wannan ya kwanta mini a rai fiye da sauran. Sai dai ga wata matsala da ta taso mini yanzu ina kallon takardar sakamakon ƙanena. Da Turanci makaranta ke aiko ta, kuma kalmar tana nan a saman layin da ke ɗauke da lambobin. Idan uwa ta tafi ofishin mai ba ɗalibai shawara, dole ta furta abin da zai gane, ko ta nuna masa a takarda. Idan na koya mata awon darasi kaɗai, ranar da ta zauna gabansa ba ta da abin faɗa. A jihar New York ma wasu makarantun da ke wajen birni 22 suke ƙirgawa, domin su shekara guda ce ke ba da ɗaya, ba rabin shekara ba, saboda haka wanda ya ƙaura sai ya yi tambaya da bakinsa.

Ɗan Rediyo: Ka ga mun dawo inda na fara.

Malamar Lissafi: Ba daidai inda ka fara ba, Malam. Kiredit tsirara ce na ƙi. Idan aka ce kiredit ɗin darasi, aka kuma yi mata bayani a farkon takardar da jimla guda mai kauri, na yarda.

Tsohon Malamin Hausa: Wato bayan duk wannan zance, kalmar Bature za a rubuta, a rataya mata wutsiyar Hausa. Ban gamsu ba, kuma ina so a san ban gamsu ba. Hujjar Malama a kan cewa darussan ba iri ɗaya ba ne na karɓe ta, domin gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na janye izu daga wannan takarda, ba tsoron limami ba. Amma awon darasi Hausa ce lafiyayya, kuma ban ga abin da ya hana a sa ta a gaba ba, kiredit ta biyo baya a matsayin abin da makaranta ke cewa. Yadda aka jera su shi ke nuna wa yaro wace ce tasa, wace ce baƙuwa.

Hajiyar Zango: Wannan kam ban ƙi ba, muddin duka biyun suna nan.

Mai Fassara: Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Awon darasi, wanda makaranta ke kira kiredit, shi ne abin da ake rubuta wa ɗalibi idan ya kammala darasi guda na rabin shekara ya ci da maki 65 ko fiye. Ba shi ne kiredit ɗin WAEC ba, kuma ba ya nuna ko yaro ya ci da kyau. Ana bukatar 44, kowane fanni da adadinsa, kuma jami'o'i da yawa suna neman fiye da haka a lissafi da kimiyya da harshen waje." A sauran shafukan kuwa kiredit zan riƙa amfani da ita, saboda ta zo fiye da sau talatin a cikin jadawali, kuma gurbin bai isa kalma biyu ba.

Tsohon Malamin Hausa: Awo kalma ɗaya ce, harafi uku, kuma ta fi kiredit gajarta. Gurbi ba hujja ba ne. Amma aikinka ne, kai za ka tsaya gaban iyaye ranar Asabar, ba ni ba. Ka gyara "ya ci da kyau" ta koma "ya yi zarra", ka kuma sa darussan zaɓi a inda ka rubuta darussan da ya zaɓa da kansa.

Malamar Lissafi: Darussan zaɓi ta yi. Ka ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin jadawalin, cewa ana bukatar 8 kafin a shiga aji goma, 20 kafin aji sha ɗaya, 30 kafin aji sha biyu, domin wannan ne uba zai iya dubawa a ƙarshen kowace shekara. Kuma har yanzu ba mu ce komai ba a kan sunan takardar da ke ɗauke da sakamakon shekaru huɗun gaba ɗaya, wadda ake aika wa jami'o'i. Takardar sakamako tana iya rikicewa da ta ƙarshen zango.

Ɗan Damagaram: Kundin sakamako.

Tsohon Malamin Hausa: Kundi yana da kauri, wannan kuwa shafi ɗaya ne ko biyu. A bar ni in kwana a kanta.

Mai Fassara: To Malam, zan sa kundin sakamako na ɗan lokaci, in jira ku zuwa azahar ɗin Juma'a kafin in kai wa mai bugawa. Allah ya saka wa kowa da alheri.