Wace jami'a ce ke tsaya wa ɗalibanta a Amurka yanzu?

Maman Iman: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena zai gama digirin farko a Amurka, ya samu gurbin digiri na biyu a wuri biyu: jami'ar jiha a Fulorida da wata mai zaman kanta kusa da Boston. Ta Fulorida ta fi sauƙin kuɗi sosai. Da wannan sauye-sauyen na gwamnati, wacce za ku ce ya ɗauka?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Kafin komai, kada ya fita daga ƙasar tsakanin gama wannan da fara waccan. A mayar masa da rajistarsa ta SEVIS, wato rajistar da gwamnatin Amurka ke ajiye bayanan ɗaliban ƙasashen waje, zuwa sabuwar makarantar yana ciki, a ba shi sabuwar I-20, takardar da makaranta ke bayarwa don bizar karatu.

Injiniya: Boston, in aljihu zai ɗauka.

Yaya Babba: Injiniya, ka faɗi dalili mana, ba ƙuri'a ake kaɗawa ba.

Injiniya: Dalilin shi ne jami'ar jiha ba ta da bakin musa wa majalisar jiharta. Fulorida ta hana jami'o'inta kashe kuɗi a kan DEI, wato shirye-shiryen daidaito da damawa da kowane jinsi da launin fata, tun 2023, Teksas ma ta rufe irin waɗannan ofisoshin daga farkon 2024. A 2025 kuma 'yan sandan wasu jami'o'in Fulorida suka sa hannu a yarjejeniyar aiki tare da ICE, hukumar da ke kamawa da korar baƙi marasa izinin zama. Ni wannan na ƙarshen ne ya fi tsaya mini a rai.

Ɗalibi Har Yanzu: Anti, bari in ba ki labarina, don abin ya taɓa jikina. A Afrilun 2025, lokacin da aka riƙa soke rajistar ɗalibai a SEVIS dubbai, ina cikinsu. Laifina wata tsohuwar magana ce ta tuƙi, wadda kotu ta riga ta kora. Ba gwamnati ce ta sanar da ni ba, kuma makarantata ba ta gano ba sai bayan kwanaki, don ba kullum suke duba rajistar ba. Ranar da suka gano, saƙo ɗaya aka aiko mini: in daina aikin da nake yi a ɗakin bincike nan take, in nemi lauya. Ba su ba ni sunan lauya ko ɗaya ba. Na je ofishin ɗaliban ƙasashen waje sau uku, kowane zuwa sai a ce ana jiran umarni daga sama. Alawus ɗina ya tsaya, kuɗin haya na jirana, ban iya faɗa wa mahaifiyata ba don hawan jininta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shugaban makarantar ya fitar da doguwar wasiƙa a daidai lokacin yana cewa mu ɗaliban waje abin alfaharinsu ne. Abokina kuwa da abin ya same shi a wata makaranta, su suka kira shi da safe kafin ya sani, suka haɗa shi da lauya kyauta, suka bar shi ya ci gaba da shiga aji. Shugabansu bai rubuta wa duniya komai ba. Ƙarshen watan gwamnati ta mayar da rajistar bayan ƙararraki sun yi yawa a kotuna, tawa ma ta dawo, amma makonnin nan ba zan manta da su ba.

Don haka ki ce ya rubuta wa ofisoshin biyu ya tambaye su kai tsaye: me kuka yi wa ɗalibanku a Afrilun 2025? Sau nawa kuke duba SEVIS? Kuna da lauyan shige da fice da ɗalibi zai gani ba tare da ya biya ba? Yadda za su amsa ma ya ishe shi gane su.

Maman Iman: Innalillahi. Sannu ƙanena, Allah ya kiyaye gaba. Ban taɓa tunanin tambayar ofishin ba, ni sunan makaranta kawai nake kallo.

Hajiya Malama: Allah ya saka maka. Ni ina koyarwa a nan, kuma abin da ya faɗa haka yake. A ƙara da wannan: ya cike takardar hana fitar da bayanansa a ƙarƙashin dokar FERPA mai kare sirrin bayanan ɗalibai, don adireshi na cikin abin da makaranta za ta iya bayarwa in bai hana ba. Sannan ya san bambancin sammacin da alƙali ya sa wa hannu da takardar da jami'in ICE ya sa wa hannu da kansa. Makarantar kirki tana koya wa ma'aikatan ɗakunan kwana wannan, musamman tun Janairun 2025 da aka janye ƙa'idar da ke taƙaita kame a makarantu.

Abu Sadik: Shi ya sa nake girmama Harvard. An dakatar mata da tallafin gwamnati na sama da dala biliyan 2, an soke mata izinin ɗaukar ɗaliban waje a Mayun 2025, ta tafi kotu, washegari alƙaliya ta dakatar da matakin. Jami'ar Columbia kuwa dala miliyan 200 ta yarda za ta biya gwamnati don su sasanta.

Yaya Babba: Mai asusun sama da dala biliyan 50 ai dole ya yi ƙarfin hali. Kuma ita Harvard ɗin ba ta sauya wa ofishinta na DEI suna ba a Afrilun 2025?

Abu Sadik: Sauya suna daban, miƙa wuya daban.

Yaya Babba: Ka tambayi wanda aka rufe wa ofis ko daban ne.

Hajiya Malama: Ku biyun nan kullum sai kun mayar da zaure kotu. Amma akwai abin dubawa a ciki. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ba da gurbi, wasu tallafin karatu da aka ware wa baƙar fata an buɗe su ga kowa, wasu an dakatar. Jami'ar Michigan ta rufe ofishinta na DEI a Maris 2025. A wasu wuraren ma'aikatan suna nan, allon ƙofa kawai aka sauya. Ya tambayi ɗaliban da ke ciki, su suka san wanda ya rage.

Injiniya: Kuma ya tabbatar tallafin da aka yi masa alkawari daga ina kuɗin yake fitowa. In daga kuɗin binciken gwamnatin tarayya ne, ana iya yanke shi a tsakiyar shekara.

Autan Zaure: Ni dai na ji an ce a goge Facebook gaba ɗaya kafin neman biza.

Abu Sadik: Kada ka soma. Fom ɗin yana tambayar shafukan da ka yi amfani da su cikin shekara 5, kuma tun Yunin 2025 ana buƙatar masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu kowa ya gani. Ɓoyewa ta fi rubutun hatsari.

Autan Zaure: To ni duk rubutuna faɗan ƙwallo ne, jami'in zai sha karatu.

Yaya Babba: Ai kai ko an ba ka biza sanyin Boston zai koro ka kafin ICE.

Maman Iman: Na gode ƙwarai. Na tura masa tambayoyin, ya ce zai rubuta musu yau. Amma bambancin kuɗin fa ba kaɗan ba ne, kuma ni ce mai cikawa.

Injiniya: Har yanzu Boston nake cewa.

Ɗalibi Har Yanzu: Anti, makarantar da ta yi mini haka mai zaman kanta ce, kuma ba a Fulorida take ba. Ki jira amsar ofisoshin tukuna, in ta zo ki turo mana mu gani.